Tsakanin Ruwan Challawa da Gwiwar Inna

Na sha wahala a kan sifirin motar nan, wahalar da ban sha ba ko ranar da aka sallame mu daga kamfanin roba. Ƙafata ta kumbura a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. Babu shagon da ban leƙa ba, babu bakaniken da bai yi mini dariya ba, kuma duk mutum ɗaya ne ya ja mini, ga shi can kwance a maƙabartar Zawaciki hankalinsa kwance. Kawu Bala nake nufi, ƙanin mahaifiyata. Ya tafi ya bar mini a-kori-kurarsa, ya bar mini matarsa Inna Talatu in riƙa kai ta Challawa kullum, sannan ya bar mini sanda.

Ku da kuka san shi kun san sandar. Gora ce da ta kai masa ƙirji, ƙasanta ya rine da launi iri-iri. Yana iya manta hula, yana iya manta takardun mota, amma ba ya manta ta. A jikinta akwai alama biyu: zoben baƙar roba da ya yanko daga tsohuwar tayar keke, da ƙyallen atamfa da ya ɗaure. Robar ta ruwa ce. Ƙyallen na gwiwa ne.

Ga yadda abin yake. Inna Talatu tana sayar da shinkafa da wake da tuwo a bakin wani kamfanin fata a Challawa tun ban yi aure ba. Leburorin Jigawa da na Nijar duk a wurinta suke ci. Da safe Kawu ya kai ta da kulolinta, ya wuce jigilar kaya tsakanin Sharaɗa da Bompai, bayan la'asar ya dawo ya ɗauke ta. To kafin a kai ƙofar kamfanin akwai wani kwari kusa da kwalbati, da damina ruwa yake kwanciya a nan kamar an biya shi. Dole motar ta yi tsayi. Amma in ta yi tsayi da yawa, Inna ba za ta iya hawa ba, gwiwarta ta dama ta daɗe da fara gardama.

Sai ya kafa sandar a gefen mota ya ce, “Sale, buɗe idonka. Ƙasan ƙofa ya zauna sama da roba, ƙasa da ƙyalle. Ilimin ɗaga mota ke nan gaba ɗayansa. Duk wanda ya ƙara maka wani abu, kayansa yake so ya sayar.”

Wata Asabar da ba ni da aiki na raka shi Ƙofar Ruwa. Wani saurayi mai shago, gashi a gyare, turare har bakin titi, ya ga sandar ya ga tsohon, ya ɗauka ya samu nama. Ya jawo wani babban kwali da suke ce wa kit, a ciki akwai sifirin da shokazoba da ƙarafa masu jan fenti. Ya buɗe waya ya nuna mana hoton wata mota ta ɗare kan dutse, tayoyinta kamar na tarakta.

Ya ce, “Alhaji, in kuka sa wannan, duk Kano sai an kalle ku.”

Kawu ya ce, “Ban je Makka ba, Malam ya isa. Wannan ta hoton, wa take ɗauka?”

“Ba ta ɗaukar kowa, hawan dutse take yi.”

“In ta hau dutsen, me take kai wa can?”

“Ai nishaɗi ne, Malam.”

Kawu ya daɗe yana kallon hoton. Ya kafa sandarsa a jikin kwalin kamar zai auna shi, ya ce, “Yaro, ni ba ni da dutse. Mata gare ni.”

Muka fito ya sayi tsofaffin fallayen sifirin a wurin 'yan gwangwan, ya sa ni na ɗauko a ka. Tsatsarsu ta ɓata mini farar riga. Da na yi magana ya ce wa ya aike ni sa fari zuwa kasuwar ƙarfe.

Yadda yake samun awon robar kuwa, direbobin tirela na Challawa ba za su manta ba. Duk ranar da aka yi ruwa, da ya iso kwarin nan sai ya taka birki a tsakiyar hanya, ya fito ya naɗe wando, ya shiga da ƙafa yana dogara sanda. Bayansa layi har inda ido ya ƙare, kowa yana danna ham. Shi ko a jikinsa. Kun dai san ruwan wurin, ba na sama kaɗai ba ne, yana haɗuwa da na magudanar masu rini da masu jima. Sai ya ɗago sandar ya duba, ya shinshina, ya waiwayo ya yi wa layin bayani.

“Yau shuɗi ne, an rina shadda. Ya fi na shekaranjiya zurfi.”

Wani direba ya leƙo ya ce, “Baba, don girman Allah ku wuce, ai ga ƙananan motoci suna shiga.”

“Ƙananan motoci ba su ɗauko miyar kuka ba. In inji ya sha ruwa a nan, kai za ka ciyar da mutanen can?”

Ya dawo mota ƙafafunsa shuɗaye har ƙwauri, Inna ta toshe hanci da mayafi ta ce, “Malam, ka zauna daga can.” Ya ce, “Ina ne can? Sitiyarin a nan yake.”

Awon ƙyallen shi ne mai haɗari, don Inna ba ta yarda a auna ta. Sai dai ya laɓe. Tana ɗaga ƙafa za ta haye dokin ƙofa ko bakin rijiya, ya zo ta baya ya kafa sanda. Ta taɓa kama shi ta bi shi da muciya har zaure tana cewa ita ba akuyar kasuwa ba ce.

Abin da ya hana shi sakat shi ne, kowace damina robar hawa take yi, ƙyallen kuma sauka. Da farko tsakaninsu ya kai kamu guda. A hankali ya koma faɗin tafin hannu. Nan dabarunsa suka fara, kuma nan muka fara jin kunya a gari.

Wata shekara ya kai motar gareji a Sharaɗa ya ce a ƙara falle a ɓangaren direba, a bar ɓangaren Inna yadda yake. Bakaniken ya ce ba a yin haka. Kawu ya ce, “Yau za a fara.” Motar ta fito a karkace kamar mai ciwon haƙarƙari. 'Yan adaidaita suka raɗa mata suna Gurguwa. Wani jami'in hanya ya tare shi a Bompai, ya zagaya ta, ya koma nesa ya karkata kai ya sake kallo.

Ya ce, “Baba, motar nan a karkace take.”

Kawu ya ce, “Tun yaushe kake aiki a titin nan?”

“Na daɗe.”

“To ka taɓa ganin inda yake a miƙe? Titin ne ya karkace. Ni na daidaita ta da shi.”

Jami'in ya yi dariya har ya dafa bonet, ya ce ya wuce. Wadda ba ta yi dariya ba Inna ce, don duk miyar da ke cikin kuloli ta koma gefe guda tana tsiyaya, man ya bi ƙasan mota. Ta ce ko ya miƙar da mota ko ta miƙar da shi. Aka mayar da fallen daidai.

Shekarar da ta biyo, ya cusa fallaye a baya har motar ta sandare. In da kaya a kai lafiya lau. In babu kaya, kowane rami sai ka ji shi a haƙoranka. Na taɓa bin sa Hotoro da kofin kunu a hannu, ban sha ko kurɓi ba, rigata ce ta sha. Maganin da ya samo shi ne ya loda bulo a baya, su danne sifirin. Yana kiransu kayan zaman lafiya. Ya yi ta yawo da su a cikin Kano, mai yana ƙonewa a banza, mutumin da ke kashe inji a gangara don tsimi. Na lura bulon suna raguwa lokaci zuwa lokaci, ya sake sayo wasu. Na tambaye shi, ya ce ɓarayin yanzu ba abin da suka raina.

Za ku ce me ya hana a yi mata matakala. An yi. Mai walda ya liƙa wani ƙarfe a ƙasan ƙofa, har da fenti. Inna ta fito ta gani, ta ajiye bokitin da ke hannunta.

“Wannan na wa?”

Kawu ya ce, “Ado ne. Haka ake yayi.”

“Ado a gefena kaɗai? Malam, ranar da ka ga na tsufa ka faɗa mini da bakinka, kada ka aiko mai walda.”

Kafin azahar an yanke ƙarfen. Kujera 'yar tsugunne ma ba ta yarda a ajiye mata ba, hannu kuwa in ka miƙa mata sai ta buge shi. Ta ce ranar da aka ɗaga ta aka sa a mota kamar buhun wake, ranar ta bar zuwa Challawa. Kuma duk wanda ya san ta ya san in ta bar zuwa Challawa ta gama. Ba ta haihu ba. Leburorin nan su ne 'ya'yanta, ta san wanda ba ya cin yaji, ta san wanda matarsa ta haihu a Maraɗi.

Akwai kuma halinsa na fakin, wanda na fi tsana. A gida, fili ga shi har a yi ƙwallo, amma sai ya manna motar da dakalin ƙofar gida har ka ji ƙarfe yana kuka. Gefen Inna duk ya goge, babu fenti. A bakin kamfani ma wuri ɗaya yake tsayawa, jikin wani tudun kankare na bakin magudana. Maigadin wurin, wani Buzu mai suna Agali, yana ajiye masa dutse a nan. Ranar da wani mai tirela ya kawar da dutsen ya faka, Kawu ya kashe mota a gabansa ya shimfiɗa darduma a inuwar tayarsa.

Mai tirela ya ce, “Baba, gadon gidanku ne wurin?”

“A'a. Amma ni ba na sauri. Kai fa?”

Mai tirela ya ja da baya.

Na ce masa, “Kawu, kun fi shekarata kuna tuƙi, har yau ba ku iya fakin ba.” Ya ce, “In na mutu ka iya.”

Bai daɗe yana jinya ba. Kaka ta shigo ya kwanta, kafin a gama girbin dawa ya tafi. Da na je duba shi a asibiti ya sa aka miƙo mini sandar daga ƙarƙashin gado, don har can ya tafi da ita. Na ɗauka wasiyya zai yi mini mai nauyi. Sai ya ce, “Sifirin baya na hagu ya tsage. Kada ka bari su sayar maka da mai jan fenti.” Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Da Inna ta fita takaba ta ce in fito da mota. Lokacin ba ni da aiki, na karɓi jigilar. Duk rani ba mu samu matsala ba, don sifirin da ya tsage ya ƙarasa karyewa, sauran suka kwanta, motar ta zauna ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Ina fakawa a tsakiyar fili kamar mai hankali, Inna ta hau abinta. Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na ɗauko sandar daga bayan kujera na duba da kyau. Robar tana sama da ƙyallen. Ba kusa ba ma, ta wuce shi sosai. Wato tsayin da zai tsallake ruwa ya fi ƙarfin gwiwar Inna, kuma ga dukkan alamu an jima a haka.

Wahalar da na faɗa muku da farko ke nan. Na bi Ƙofar Ruwa shago shago ina neman sifirin da zai yi sama da roba ya yi ƙasa da ƙyalle. Wani ya ce in sa dogayen maratayan sifirin. Wani ya ce in kai maƙera a sake lanƙwasa tsofaffin. Wani ya ce in sa manyan tayoyi, na ce wannan ai ƙara tsayin ƙofa ne. Saurayin nan mai turare yana nan, ya yi ƙiba, ya gane sandar kafin ya gane ni. Ya yi mini ta'aziyya, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Yaya, motar da take doguwa kuma gajera a lokaci ɗaya, ba a ƙera ta ba tukuna.” Bakaniken Sharaɗa ya ce shi dai abin da ya sani, a 'yan shekarun nan Kawu awon roba kawai yake ba shi. Na ce to ta yaya Inna take hawa? Ya ce, “Ni sifirin na sani, ban san Inna ba.”

Na gaji. Na sa aka ɗaga ta daidai roba, da fallaye marasa fenti da shokazoba masu ɗan tsayi, don in ruwa ya kashe inji babu mai zuwa ko'ina.

Washegari na faka a fili, na loda kuloli. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofar motar. Ta kama marikin sama, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a hanya. Ta sauke, ta sake. Na matso na miƙa hannu, ta kalle ni, na mayar da hannuna aljihu. Ta gwada har zufa ta keto mata. Daga nan ta gyara mayafi ta ce, “Kai musu abincin, Agali ya san yadda ake rabawa. Yau kaina ke ciwo.” Ta koma ciki.

Na kai. Kowane lebura da ya miƙo kwano sai ya ce, “Ina Inna?” Na ce kanta ke ciwo. Wani dattijo Bahaɗeje ya ce, “Inna ba ta da kan da ke ciwo.” Na zuba masa nasa na miƙa masa.

Bayan la'asar na dawo, na zauna a ƙarshen dakali, sandar a cinyata, ina tunanin ko in cire fallayen in bar ruwa ya yi yadda ya so. Ina cikin haka na ji ƙafafuna suna lilo. Ni da nake zama a dakalin nan tun ina saurayi ƙafata a ƙasa. Na sauko na duba gefensa. Layi-layi ne, siminti kala daban-daban, wani ya tsufa wani sabo, ga bakin bulo yana leƙowa ta inda shafen ya fashe. Daga ƙofar zaure dakalin yana farawa daidai da ƙasa, ya riƙa hawa a hankali, a hankali, yadda mai tafiya a kai ba zai ji yana hawa ba, har ya ƙare a inda ƙofar motar take gogawa.

“Kai ma ƙafarka ba ta kai ƙasa ko?”

Inna ce a bakin zaure, da tsintsiya a hannu.

Na ce, “Inna, bulon nan da ya ce ɓarayi suna sacewa.”

“Ga ɓarawon can a maƙabarta. Duk sanda motar ta ƙara tsayi, sai ya ce ruwa yana cin gindin katanga, dole a gyara dakali. Ya aike ni gidan 'yar'uwata in kwana biyu, in dawo in tarar dakali ya girma.”

“Ashe kun sani.”

“Sale, dakali yana tsayi kamar ɗan mutum, a ƙofar gidana, a ce ban sani ba? Gwiwa ce ta mutu, ba ido ba.”

“To da safe me ya hana ku ce in matso da motar?”

Ta kalle ni kamar na zage ta. “Ni? Ni zan ce maka matso da mota?”

Na sake duba layukan simintin. Can na ce, “Shi kun taɓa nuna masa kun gane?”

Ta ɗan share bakin zauren da ba shi da datti. Ta ce, “Shi ya taɓa ce mini na tsufa?”

Ta shige ciki. Na zauna a wurin har aka kira magariba.

Allah ya jiƙan Kawu Bala. Allah ya yafe masa taurin kai da tare hanya da ƙaryar ɓarayin bulo. Yadda ya sassauta wa baiwar Allah hawa ba tare da ya kunyata ta ba, Allah ya sassauta masa nasa hawan, ya sa kada ya ji tudu.

Da gari ya waye na ja motar baya, na karya sitiyari, na manna ta da dakalin har ƙarfe ya yi kuka. Na buɗe bonet na sa kaina ciki ina duba abin da ba ya buƙatar dubawa. Na ji takunta a kan siminti, na ji ɗan nishi, don sabon sifirin ya ɗara dakalin da kaɗan, sannan na ji ƙofa ta rufe. Na shiga na tayar da inji.

Ta ce, “Ka goge fenti. Duk zuri'arku babu wanda ya iya fakin.”

Na ce, “Haka ne, Inna.”

Sai da muka hau titin Challawa na ce, “Na ga kamar ruwa yana cin gindin katangar nan.”

Tana kallon waje ta ce, “Dama ina so in je in duba 'yar'uwata ranar Juma'a.”

Na sauke ta a jikin tudun kankare, Agali ya kawar da dutse, na wuce Sharaɗa na sayi buhun siminti.